Germaine Acogny: Matar da Ta Raɗa wa Motsin Rawa Sunaye

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan daɗe yana bibiyar nazarin adabin Hausa ya san cewa mawaƙanmu na baka sun sami gata daidai gwargwado. An rubuta kundaye masu yawa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato a kan Narambaɗa da Ɗankwairo da Ɗan Anace da Barmani Choge. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa ɗalibai hanyar nazarin waƙar baka, sannan a cikin shekarar 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fito da littafi guda sukutum a kan rayuwar Alhaji Mamman Shata. To amma kiɗa da waƙa da rawa 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma a cikinsu rawa ce 'yar bora. Idan aka tambayi ɗalibin Hausa wa ya yi Bakandamiya, nan take zai tambaya, ta Narambaɗa ko ta Shata? Idan kuwa aka ce ya faɗi wanda ya shirya takun asauwara, ko ya bayyana juyin koroso ɗaya tak da kalmomin bakinsa, sai ka ga ya shiga sosa ƙeya.

A ƙasar Faransa lamarin ba haka yake ba. Can mai tsara rawa, wato wanda yake zama ya ƙirƙiro taku da juyi ya jeranta su ya koya wa 'yan rawa, matsayinsa ɗaya da na marubuci. Sunansa ake bugawa a saman takardar sanarwa, shi ke da haƙƙin mallakar aikin, shi kuma masu sharhi suke yabo ko suka a jaridu. Tun daga shekarar 1984 gwamnatin ƙasar ta shiga kafa cibiyoyin tsara rawa a manyan garuruwa, har yawansu ya kai 19, kowace an damƙa ta a hannun wani gwani.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwa da ayyukan ɗaya daga cikin waɗannan gwanaye, wato Germaine Acogny, 'yar ƙasar Senegal da Faransa, wadda ake yi wa laƙabi da uwar rawar Afirka ta zamani. Abin da nake son in nuna shi ne, babban aikin wannan mata shi ne raɗa wa motsin jiki sunaye da ta yi, har ya zama ana iya koyar da shi, a rubuta shi, a yi gardama a kansa. Zan kuma nuna inda nake ganin aikin nata ya gaza, da abin da marubucin Hausa zai tsinta a ciki.

Asali da Tasowa

An haifi Germaine Acogny a cikin shekarar 1944 a garin Allada na ƙasar Dahomi, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Benin. Mahaifinta, Togoun Servais Acogny, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne kuma Kirista. Kakarta ta wajen uba kuwa, mai suna Aloopho, Bayarabiya ce, shugabar bauta a addininsu na gargajiya. Dangi sun ɗauka cewa wannan kaka ce ta dawo a jikin jaririyar, shi ya sa suke ce mata Iya Tunde, wato uwa ta dawo. Mu dai iyakarmu mu mayar wa yarinya sunan kakarta mu riƙa kiranta Ummi ko Inna don alkunya, su kuwa a wurinsu maganar ta wuce ta suna. Wannan tsaka-mai-wuya da ta tashi a ciki, tsakanin uban da ya rungumi hanyar Turawa da kakar da aka ce ita ce, shi ne ya bi ta a cikin ayyukanta har tsufa.

Tana ƙarama iyayenta suka koma Dakar. Daga 1962 zuwa 1965 ta yi karatu a birnin Faris, a wata makarantar koyon motsa jiki da rawa mai suna Simon Siégel. Ta sha faɗa a hirarrakinta cewa a can ne aka goranta mata ƙirar jikinta, aka ce tafin ƙafarta a shafe yake, mazaunanta kuma sun yi girma, saboda haka ba ta dace da rawar bale ta Turawa ba. Ita rawar bale tana son jiki siriri, baya a miƙe kyam, ana tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa kamar mai shirin tashi sama. Wata da ta ji wannan gori sai ta haƙura ta nemi wata sana'a. Ita kuwa sai ta yanke shawarar ta gina tsarin da zai dace da jikin da Allah ya ba ta.

A cikin 1968, bayan aurenta na farko ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ta buɗe ajin koyar da rawa a tsakar gidanta a Dakar. Wannan 'yar ƙaramar makaranta ce mafarin komai.

Senghor da Béjart da Makarantar Mudra

Sa'ar da ta yi ita ce, shugaban Senegal na wancan zamani, Léopold Sédar Senghor, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980, marubucin waƙoƙi ne da ya ɗauki al'ada da muhimmanci. Shi ne ya karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya na farko a Dakar cikin 1966, wanda na biyunsa shi ne FESTAC da aka yi a Legas da Kaduna cikin 1977. Senghor yana da aboki Bafaranshe, Maurice Béjart, ɗaya daga cikin mashahuran masu tsara rawa na ƙarni na 20, wanda aka haifa a Marsai cikin 1927 ya rasu cikin 2007. Béjart yana da jinin Senegal, domin an haifi mahaifinsa, masanin falsafa Gaston Berger, a garin Saint-Louis, inda jami'ar garin take ɗauke da sunansa. Tun 1970 Béjart yana da makaranta mai suna Mudra a babban birnin Beljiyam. Su biyun suka haɗa kai suka kafa reshenta na Afirka a Dakar cikin 1977, suka sa masa suna Mudra Afrique, suka naɗa Acogny shugaba.

Ɗalibai sun zo daga ƙasashen Afirka daban-daban, suna koyon bale da rawar Turai ta zamani da waƙa da wasan kwaikwayo, tare da raye-rayen gida a ƙarƙashin kiɗan shahararren makaɗin nan Doudou Ndiaye Rose. Daga cikin waɗanda suka fito daga nan akwai Irène Tassembédo, wadda daga baya ta kafa tata makarantar a Wagadugu. To amma makarantar da aka jingina da mutum ɗaya ba ta daɗewa bayan ya kau. Senghor ya sauka a ƙarshen 1980, kuɗi suka ƙafe, aka rufe Mudra Afrique cikin 1982. Shekara biyar kacal ta yi. Wannan darasi ne ga kowace ƙungiyar marubuta da ta dogara da kyautar gwamna ɗaya ko attajiri ɗaya.

Acogny ta koma Turai, ta yi aiki tare da Béjart, sannan a cikin 1985 ita da mijinta na biyu, Bajamushe Helmut Vogt, suka buɗe makaranta a garin Tulus na Faransa. Cikin 1995 ta dawo Senegal. Cikin 1998 suka kafa ƙungiyar Jant-Bi, wato rana a harshen Wolof, suka soma gina École des Sables, Makarantar Rairayi, a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar. An yi bikin buɗe ta cikin 2004. Ɗaya daga cikin zaurukan rawarta ba shi da daɓe sai rairayi, kuma sunan kakarta Aloopho ta sa masa.

Tsarin Acogny

A nan ne ainihin aikinta yake, don haka ya kamata mu ɗan tsaya. Kafin zamaninta, yawancin Turawa, har da wasu 'yan bokon Afirka, suna ɗaukar rawar baƙar fata a matsayin abin da yake cikin jini, wanda ba a koyo, ba shi da ƙa'ida, da an buga ganga sai jiki ya ɗauka. Wannan magana a fuska yabo ce, amma a ciki raini ne, domin abin da ba a koyo ba ilmi ba ne, mai yinsa kuma bai cancanci a ambaci sunansa ba. Acogny ta ƙaryata wannan da aiki. Ta zauna ta nazarci raye-rayen Senegal da Benin da maƙwabtansu, ta tsamo motsin da suke maimaituwa, ta jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ta haɗa da abin da ta koya a Turai, sannan ta ba kowane motsi suna. A cikin 1980 ta buga littafi mai suna Danse africaine, da hotuna da bayani cikin Faransanci da Jamusanci da Ingilishi.

Ginshiƙin tsarin nata shi ne ƙashin baya. Inda bale take son a ƙame shi, ita tana son ya riƙa lanƙwasa yana miƙewa kamar maciji. Ƙafa kuwa a shimfiɗe take a ƙasa ba takalmi, gwiwa a ɗan karye, nauyin jiki yana komawa ƙasa. Ta kira ƙirji rana, mazaunai wata, don malami ya iya ce wa ɗalibi ya buɗe ranarsa, ɗalibin ya gane nan take. Sunayen motsin kuma daga daji da fadama ta ɗebo su. Akwai kuka, akwai rimi, akwai bado. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya san yadda kuka take tsayuwa da kaurin gindi da gajerun rassa, ya san yadda rimi yake miƙewa sama alhali saiwoyinsa sun dafe ƙasa, ya kuma san yadda bado yake lilo a saman ruwa ba tare da ya bar inda yake ba. Da jin sunan, rabin darasin ya shiga.

Amfanin wannan a fili yake. Abin da yake da suna ana iya gyara shi, a ce wa ɗalibi riminka ya karkace. Ana iya aika shi a wasiƙa. Ana iya koyar da shi bayan mai shi ya tsufa. Haka Malam Halilu ɗan Ahmadu ya yi wa waƙar Larabci da ya fitar da ma'aunanta ya ba kowane karin suna, alhali Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin a haife shi. A ganina, ko da Acogny ba ta tsara wasa ko ɗaya ba, wannan aiki ya isa a tuna da ita.

Ayyuka Uku a Ma'auni

Ta tsara wasanni da dama, irin su Sahel na 1987, da Waxtaan, wato hira, inda 'yan rawa sanye da kwat suke yi wa shugabannin siyasa shaguɓe. Amma uku zan ɗauka, domin su suka fi shafar marubuci.

Na farko shi ne Fagaala na 2004, wanda ma'anarsa kisan ƙare dangi. A cikin 1994 an kashe mutane kimanin 800,000 a ƙasar Ruwanda cikin kwana 100. Cikin 1998 wasu marubutan Afirka suka je suka zauna a Kigali don su rubuta abin da suka gani suka ji. Daga cikinsu akwai Boubacar Boris Diop na Senegal, wanda ya fito da ƙagaggen labari mai suna Murambi cikin 2000. Wannan littafi ne ya zaburar da Acogny, ta haɗa hannu da wani mai tsara rawa ɗan ƙasar Jafan, Kota Yamazaki, suka shirya wasan da 'yan rawan Jant-Bi. Wasan ya sami lambar yabo ta Bessie a birnin Niyok cikin 2007. Ƙarfinsa shi ne ya nuna abin da alƙalami yake shan wuya kafin ya kama, wato yadda tsoro yake zama a kafaɗa da gwiwa, da yadda jiki ɗaya yake iya zama na mai kisa yanzu, an jima ya zama na wanda ake kashewa. Rauninsa kuma daga nan ya taso. Littafin Diop ya ambaci wuri, ya nuna wanda ya ba da umarni, bai kuma ɓoye laifin Faransa ba. Rawa ba ta da bakin kama suna. Bafaranshen da ya kalli Fagaala zai iya zubar da hawaye ya koma gida ba tare da ya ji an nuna ƙasarsa da yatsa ba. Daɗin daɗawa, 'yan rawan duk maza ne, alhali mata sun ɗanɗani wani nau'in azaba na daban a wannan bala'i. Saboda haka ina ganin wasan abokin tafiyar littafin ne, ba zai iya tsayawa a madadinsa ba.

Na biyu shi ne Mon élue noire, wanda wani Bafaranshe mai suna Olivier Dubois ya tsara mata, ta taka ita kaɗai tana da shekara 70 da haihuwa. An gina shi a kan wani shahararren kiɗa na Stravinsky na 1913, mai ba da labarin budurwar da aka zaɓa don a yi hadaya da ita. Béjart ya taɓa yi mata alkawarin wannan matsayi, amma bai cika ba har ya mutu. A wasan an tsare ta cikin wani ɗan akurki a tsakiyar duhu, tana zuƙar lofe, ana kuma jin kalaman Aimé Césaire na la'antar mulkin mallaka. Ta sami lambar Bessie saboda shi cikin 2018. Babu shakka ta nuna cewa tsufa ba ya hana gwani aiki, domin inda ƙafa ta rage sauri, kallo da numfashi sun cike gurbin. To amma akwai abin dubawa. Bature ne ya sa baƙar mace a keji, Turawa ne kuma suka sayi tikiti suna kallo, a ƙasar da ta taɓa baje mutanen Afirka a filin nuni ana kallonsu kamar namun daji. Masu kare wasan suna cewa ai wannan tarihin ne ake tona wa asiri. Ni kuwa ina ganin wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma kwarjinin matar ne kaɗai ya hana ta yanke mai riƙe da ita.

Na uku, wanda a wurina ya fi sauran, shi ne À un endroit du début na 2015, wanda ta shirya tare da Mikaël Serre. A nan ta koma gida. Ta ɗauko rubutun da mahaifinta ya bari a kan Aloopho, ta tsaya gaban hotonsa tana tuhumarsa da watsar da gadon uwarsa, ta kuma taɓo batun kishiya da halin da mace take shiga. Ta haɗa magana da rawa da hoto, kowanne yana ɗaukar abin da ɗayan ya kasa. Ciwon da ke ciki nata ne, ba aro ta yi ba. Mai karatun da ya san littattafan Balaraba Ramat Yakubu zai gane wannan murya, ta macen da ta gaji da rufa wa gida asiri.

Inda Gizo Yake Saƙa

A cikin 2021 aka ba ta Zakin Zinare na birnin Venis a Italiya, lambar da ake ba wanda ya ƙarar da rayuwarsa a fagen rawa. Ta cancanta. Duk da haka akwai abubuwa uku da mai nazari bai kamata ya kau da kai daga gare su ba.

Na farko, sunan littafinta da laƙabin da ake yi mata duk suna maganar rawar Afirka kamar abu ɗaya ce. Tsarin nata ya tsiro ne daga wani yanki na Afirka ta Yamma. Rausayar matan amada a zaune, da dirar 'yan hoto da garma, da tsallen Fulani a wajen sharo, kowanne da nasa hankalin. Idan aka ɗauki tsari ɗaya aka ce shi ne na nahiya, akwai tsoron ɗalibi ya raina abin da ya baro a garinsu don bai gan shi a manhaja ba.

Na biyu, akwai abin da yake zubewa a hanya duk lokacin da aka ɗauke rawa daga dandali aka kai ta dandamali. A wurinmu kalangu magana yake yi. Makaɗi ya kaɗa taken yarinya, ita kuma ta ba shi amsa da ƙafa, wata ta rangaɗa guɗa, wani ya shigo ya yi liƙi, maroƙi ya sanar da abin da aka bayar. Babu ɗan kallo zalla, kowa yana da hannu. A zauren Turai kuwa ana kashe fitila, mutane su yi tsit har a gama, sannan su tafa. Acogny ta san wannan, shi ya sa take koyarwa a kan rairayi da makaɗa a gefe. Amma wasanninta na zauren aka yi su.

Na uku shi ne batun kuɗi da kasuwa. Littafinta cikin harsunan Turai uku ya fito, ba Wolof a ciki. Wasu daga cikin manyan lambobin yabonta daga Landan da Niyok da Venis suka zo. Makarantar ta daɗe tana dogaro da tallafin ƙasashen waje. A cikin 2020 aka tara 'yan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da 10 a makarantar don su koyi wani tsohon wasa na Bajamushiya Pina Bausch, annobar korona ta tsayar da su, sai cikin 2021 suka fara nuna shi a Madrid, daga nan suka zaga manyan biranen duniya. Aiki ne mai kyau, ya kuma ba matasa abin yi. Amma mai biyan makaɗi shi yake zaɓar taken da za a kaɗa. A gida kuwa, cikin 2022 aka aza harsashin wata babbar tashar jiragen ruwa a Ndayane, dab da makarantar, abin da ya jefa masu ita cikin fargabar makomar wurin. Wannan laifin bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Gwamnatoci da attajiran Afirka da suka bar fagen ga baƙi su ma suna da kaso.

Abin da Ya Shafe Mu

Wani zai ce, mu da muke rubuta labari da waƙa da wasan kwaikwayo, ina ruwanmu da wata mai rawa a bakin teku? Hausawa sun ce inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Gaskiya ne, kuma matsayin malamanmu a kan cuɗanyar maza da mata a fagen rawa sananne ne. Ba ina kiran kowa ya buɗe makarantar rawa a Kazaure ko Roni ba ne. Maganata a kan aikin alƙalami take.

Mu duba littattafanmu. Da marubuci ya kawo labari wajen biki, sai ya ce an sha kiɗa an cashe har gari ya waye, ya wuce. Zai ɓata shafi biyu yana bayyana leshin amarya da motar ango, amma rawar da ta tara jama'ar ba ta samun layi biyu. Alhali harshen bai rage mu da komai ba. Akwai taku, juyi, rausaya, rangaji, karkaɗa, girgiza, gwatso, dira, yauƙi, rangwaɗa, karairaya, kuma kowace kalma da inda take zama a jiki. Rausaya ta wuya da kafaɗa ce, gwatso na ƙugu ne, dira ta diddige ce. Marubucin da ya san bambancinsu zai iya nuna halin tauraruwarsa ba tare da ya ce mana tana da kunya ko rawar kai ba.

Alal misali, a maimakon a ce 'yan mata suna gaɗa a dandali, ana iya cewa: sun yi rabin da'ira kafaɗa da kafaɗa suna tafi, Ladi ta fito tsakiya ta yi taku uku gaba, ta juya musu baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ba ta waiwaya ba, suka cafe ta suka cilla sama, ta dira a kan ƙafa biyu tana dariya. Da aka zo kan Talatu, sai da ta waiga sau biyu kafin ta faɗa. Mai karatu ya riga ya gane wadda ta amince da ƙawayenta da wadda take da wani abu a zuci. Wannan shi ne amfanin kallo da sanin suna.

Haka abin yake a wajen masu sharhin fim. Tun daga Turmin Danya na 1990, da bunƙasar rawa da waƙa bayan fitowar Sangaya, da kafa hukumar tace finafinai ta Kano cikin 2001, an yi ta muhawara a kan halasci da kwaikwayon Indiya, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubutu mai yawa a kan tasirin na Indiya. Amma da wuya ka ga mai sharhi ya tsaya ya ce wannan taku daga ina aka samo shi, wa ya tsara shi, me ya ƙara wa labarin. Ko mai son a hana abu ya kamata ya iya bayyana abin da yake son a hana.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. A garuruwanmu irin su Achilafiya da Gwiwa da Babura, dandalin farin wata ya ja baya ƙwarai, a gidan biki kuma na'urar sauti tana ture kalangu da ƙwarya. 'Yan matan da suka yi gaɗa a shekarun 1960 yanzu sun haura shekara 70. Waƙoƙinsu an tattara wasu a kundaye, amma takun yana cikin ƙafafunsu, kuma ranar da aka kai su makwanci da shi za a tafi. Abin da ake bukata kaɗan ne: littafin rubutu, da biro, da ladabin zama gaban tsohuwa. A tambaye ta sunan wasan, yadda ake jeruwa, ƙafar da ake farawa da ita, wadda ta fi kowa iyawa a zamaninsu, da wadda ta zo da sabon juyi daga wani gari. Za a tarar cewa raye-rayen da muke cewa na gargajiya ne ba mai su, a gaskiya suna da masu su, mantawa aka yi ba a rubuta ba. Marubuta mata su suka fi dacewa da wannan aiki, domin su ne suke iya shiga har ƙuryar ɗaki.

Kammalawa

Germaine Acogny ta fara ne da gorin da aka yi wa ƙirar jikinta a Faris, ta mayar da martani da tsari mai sunaye, da littafi, da makaranta. Ayyukanta na dandamali ba su kuɓuta daga suka ba. Fagaala ya kasa kama suna, Mon élue noire yana tafiya a bakin rami, kasuwarta kuma ta fi ci a Turai. Amma ta tabbatar da cewa motsin jikin baƙar fata ilmi ne da ake koya, ake gyarawa, ake gada. Mu marubuta sana'armu ke nan, raɗa wa abubuwa suna don kada su ɓace. Ina ba da shawara ga rassan ƙungiyarmu su sa wannan cikin ayyukansu, kowane reshe ya rubuto bayanin rawa ɗaya ta yankinsa dalla-dalla, da sunayen takunta da kayan kiɗanta da lokacin yinta, a riƙa bugawa a waɗannan shafuka. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, wannan ba mai hana shi. Abin da za mu iya shi ne mu bar wa na baya bayanin yadda ta dā take. Allah ya sa mu dace, amin.